Shekarar da Na Yi Gadin Kashin Giwa

Ba wanda yake buɗe firigona sai ni. Wannan doka ta girmi jikokina duka. Irin mai kwanciyar nan ne kamar akwati, yana jingine da bangon tsakar ɗaki a gidanmu na unguwar Nombakele, a cikinsa nake daskarar da zoɓo da lamurje da tsamiya a leda ina sayarwa. Tun muna sababbin zuwa Libreville, ni da mijina marigayi Malam, da wannan sana'a aka san ni. Masu zoɓo sun yi yawa a unguwa, na wasu ma ya fi nawa zaƙi. Abin da ya raba ni da su tsafta ce. Ruwana dafaffe ne. Ba na hura leda da baki. Wanda ya yi tari a ƙofata sai ya ja da baya kafin in ɗaga murfi. In azumi ya zo, daga hannuna masallacinmu yake karɓar abin buɗa-baki, liman kuwa ba ya shan na kowa sai nawa. Mace a ƙasar mutane, ba gona, ba dangi a kusa, ba ta da kadarar da ta wuce a ce hannunta mai tsarki ne. Ni dai ita ce tawa.

Jikana na fari a hannuna ya tashi. Ubansa direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida, uwarsa kuma tana can unguwar Okala tana fama da ƙannensa. Sunan Malam aka sa masa, don haka bakina bai taɓa kama sunansa ba. Maigida nake ce masa. Shi kuma in yana son wani abu ya ce Amarya, in ya yi laifi ya ce Kaka. Da wannan nake gane inda ya dosa tun kafin ya zauna.

Da ya gama lakwal, wato sakandare, ya zo ya ce zai shiga jami'a ya karanta kula da namun daji.

Na ce, "Su namun dajin ne suka aiko suna neman mai kula da su?"

Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ƙarewa suke yi."

"Mu ma ƙarewa muke yi. Wa ya buɗe mana makaranta?"

Amma ubansa ya yarda, aka ce mini aikin gwamnati ne, har da kaki da hula. Ni ban taɓa zama a aji ba, ba zan tare wa wani ƙofar aji ba. Na sa masa albarka.

Tun daga nan nake jin abubuwan da kunnena bai saba ba. Wai ana koya musu ƙidaya dabbar da ba su gani ba. Wai suna ɗaure na'urar hoto a jikin itace su tafi su bar ta, dabba ta zo ta ɗauki kanta. Wai akwai darasi guda a kan yadda mutum zai tsaya in giwa ta fuskance shi. Na ce wannan darasin uwa ce take koyar da shi kyauta: gudu. Ya ce a'a, gudun ne ma kuskure. Na dube shi na ce Allah ya kyauta.

A shekararsa ta ƙarshe aka tura shi daji, koyon aiki a aikace, abin da suke kira sitaj. Ya yi watanni ba mu ji ɗuriyarsa sai jefi-jefi. Ranar da ya dawo ban gane shi a ƙofa ba. Wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa, fata duk cizon ƙwari. Da ya cire takalmi zai yi alwala na ga ƙafafun: tsakanin yatsu ya zaɓe fari fat, farcen babban yatsa ya fita, ƙwauri duk tabo. Na tambaye shi me ya samo a can da ya kai wannan. Ya ce, "Kayan aiki, suna makaranta." Ban ƙara tambaya ba. Na dafa masa ruwa da gishiri.

A cikin Sha'aban ne na fara lura firigona yana cika da wuri. Ni na san cikinsa kamar yadda na san tafin hannuna. Zoɓon tukunya guda da ya saba tsayawa ƙasa da bakin firigon, sai ga ledojinsa suna taɓa murfi. Kuma ni ƙulli sama nake jerawa, sai na tarar da wasu ƙulli ƙasa. Na zuba ido. Na ga Maigida ya koyi wata sabuwar ɗabi'a: in aka ɗauke wuta ko na ƙiftawar ido ne, sai ya miƙe tsaye kamar wanda kunama ta harba. Yaron da ko kwan fitila ya mutu bai taɓa damuwa ba.

Wata safiya ya tafi makaranta, na ce yau zan kai ƙasa. Maƙwabciyata tana nan, 'yar Garwa mai sayar da atamfa, ta shigo aron turmi ta zauna surutu kamar yadda ta saba. Na kwashe zoɓo, na kwashe lamurje, na kwashe tsamiya. Can ƙasa, an shimfiɗa buhu, ƙarƙashin buhun kwali ne naɗe da leda an liƙe shi ta ko'ina. Na ciro na yanka. Ƙananan robobi ne masu murfi, jere reras, kowace da rubutu a jiki. Cikinsu wani abu ne baƙi-baƙi, kore-kore, da zare-zare kamar dusar rake.

Abin da ya zo mini shi ne abin da kowace uwa take tsoro.

'Yar Garwa ta dafe ƙirji. "Yaya, ba dai wiwi ba?"

"Rufe mini baki."

"Bari in gani, na san warinta, ƙanen mijina ya sha ta har ta kai shi asibiti." Kafin in hana ta, ta murɗe murfin ɗaya, ta kai hanci, ta sa farce ta ɓantaro ta murza. "A'a. Wannan ba ita ba ce. Kamar sassaƙe. Ko maganin basir ne? Yaya, ko yaron basir yake fama da shi yana jin kunya?"

Muna cikin haka sai ga shi ya dawo, ya manta wata takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi kwali, ya dubi hannun 'yar Garwa.

"Kaka," ya ce.

Da na ji Kaka na nemi kujera na zauna.

"Mene ne wannan?"

"Aikin makaranta ne."

"Ban tambaye ka na wane ne ba. Mene ne?"

"Kashin giwa ne."

'Yar Garwa ce ta fara motsi. Ta ɗaga yatsunta biyu sama kamar ba nata ba, ta fita tana salati tana neman buta. Ni kuwa ina jira ya durƙusa ya ba ni haƙuri, sai na ga ya yi tsalle ya ɗauki robar da aka buɗe yana juya ta yana duba rubutun.

"Wayyo, ta sa hannu! Wannan ta wata uwa ce mai ɗa, da ƙyar na same ta! Kaka, don Allah bari in mayar da sauran, kada su huce."

Wannan ya fi na farkon girgiza ni. Ya sa kashi a cikin abincin mutane, kuma abin da yake kuka a kai shi ne an taɓa masa kashin.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Ashe tun farkon wata. Firigon ɗakin bincikensu ya lalace, aka ce kowa ya san inda zai kai nasa kafin a gyara. Ya zo ya tarar na tafi kasuwar Mont-Bouët sayen sukari, ya san inda nake ajiye makulli. Tun farkon wata! Na shiga tuna waɗanda suka sha daga hannuna tun daga ranar: 'yan taksi, masu ɗinki, matar da ta haihu aka aiko a saya mata lamurje, yaran Islamiyya.

Yana tsaye yana ta bayani. Wai a cikin kashin akwai wani abu da jikin giwa yake fitarwa in tana cikin fargaba. Wai in aka auna shi za a gane ko giwayen da suke kusa da hanyar masu yankan katako sun fi na can ciki zama cikin tsoro. Wai sai sabo ake ɗiba, mai ɗumi, don haka sai ka bi sawunta kusa-kusa. Wai in ya narke ya lalace, in ya lalace ba shi da abin da zai kai gaban malamai, sai ya sake shekara, ya sake komawa dajin.

Na ce, "Kai ka bi giwa a baya, kana jira ta tsuguna?"

"Ba ta tsugunawa, Kaka."

"Kada ka gyara mini magana a cikin gidana!"

Na yi shekaru ina ce wa mutane jikana yana jami'a. Ashe abin da ake yi a jami'ar ke nan. Manyan mutane masu gilashi sun zauna sun tsara cewa a tura 'ya'yan mutane su kwaso wannan, a ba shi lamba, a sanyaya shi kamar nama, don a san ko hankalin giwa a kwance yake. Ni da nake zaune a gabansa hankalina ya tashi, ba wanda ya auna.

Na ce ya mayar da kwalin ya rufe, ba don na yafe ba, sai don ban san hukuncin abin ba tukuna. Na yafa mayafi na tafi wurin liman.

Na same shi bayan azahar a inuwar masallaci. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai ban rage ba. Na ga gemunsa yana motsi, ya kai hannu ya riƙe shi.

Ya ce, "Hajiya, robobin a rufe suke?"

"A rufe, cikin kwali, cikin leda."

"Bai zuba ba, bai taɓa kayanki ba?"

"Bai taɓa ba."

"To ai ba komai. Najasa ba ta tsallaka murfi. Kayanki halal ne, waɗanda suka sha ba abin da ya hau kansu, ke ma ba ki da laifi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, tsamiyar da na aiko maka shekaranjiya, a kansa ta kwana."

Gemun ya daina motsi. Ya yi gyaran murya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Inna lillahi."

"In na aiko gobe za ka sha?"

Ya daɗe yana jan carbi. "Hajiya, ke hukunci kika tambaye ni, na kuwa ba ki."

Na gode masa na tashi. Na samu amsa biyu a zama ɗaya, kuma na san wadda unguwa za ta bi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni, don 'yar Garwa ba ta iya wanke hannu a ɓoye. Mata sun leƙo ta tagogi. Ban shiga ɗaki na ɓuya ba. Na sa Maigida ya fito da duk abin da ke cikin firigon ban da kwalinsa, muka zube a bakin kwata. Na ɗauki wuƙa na dinga farke leda ɗaya bayan ɗaya. Unguwarmu gangare ce, jan ruwan zoɓo ya bi kwata ya gangara har bakin titi kamar an yi yanka. Duk wanda ya tsaya na faɗa masa da bakina: abu kaza aka ajiye a firigona ban sani ba, tun farkon wata, in ka sha ka yafe mini. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki. Wani tela ya tofar da yawu a gabana. Matar da ta haihu ta ja labulenta.

Saura kwalin. Kowa ya san abin da zan yi da shi, ni ma na ɗauka na sani. Uban yaron ya bugo waya daga hanya, ya ce, "Inna, ki watsar da shi a bola yanzun nan, in na dawo ni da shi ne." 'Yar Garwa ta ce in na fitar da shi yau a gaban jama'a, na wanke firigon da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta, kafin azumi mutane sun manta. Gaskiya ta faɗa. In kuwa ya ƙara kwana a gidan da sanina, to ba wanda zai ce ban sani ba. Na zama matar da take ajiye kashi da gangan.

Da la'asar Maigida ya zo ya durƙusa a gabana. Bai ce Amarya ba, bai ce Kaka ba. Ya ce yana da aboki mai aiki a wata mashaya a unguwar Louis, watakila ya yarda ya ɓoye masa a firigonsu, sai dai kullum ya je ya duba.

Na ce, "Mai sunan Malam, kullum a ƙofar gidan giya?"

A durƙushen da yake, tafin ƙafarsa yana waje. Farcen nan bai gama fitowa ba. Tabon ƙwaurin ya yi baƙi. Na zauna ina kallonsu. Ni ban san darajar kashin giwa ba, har yau ban sani ba. Amma na san wahala in na gan ta, na kuma san abin da ake ji in aka zubar wa mutum da ita a kwata, don ban daɗe da zubar da tawa ba. Kuma na riga na sani a raina, ko da me aka wanke firigon nan, hannuna ba zai sake sa abin sha a ciki ba. Ya riga ya mutu a wurina. In na watsar da kwalin, gawa ta zama biyu.

Na ce, "Ka bar shi inda yake. Ranar da aka gyara naku, ka fitar mini da shi. Daga yau kuma kada ka ƙara yi mini wasa."

Azumin nan ban taɓa ganin irinsa ba. La'asar ta yi, lokacin da ƙofata take cika har ana ture-ture, sai in ji ƙarar firigo kawai, yana ta aiki a kan kayan giwa. Masallaci ya koma karɓa wurin wata 'yar Damagaram. Na gwada dama kunu, na ce wannan dai daga wuta yake, bai ga firigo ba. Mutum ya zo ya tsaya, ya leƙa ɗaki ta bayan kafaɗata, ya ce bari ya dawo. Yara suka sa wa gidan suna. In na fito sai in ji daga bayan katanga, "Gidan Giwa! Gidan Giwa!" Ni da ake yi wa kirari da tsafta. Gyaran firigon makarantarsu kuwa kullum gobe. Ni da Maigida sai gaisuwa da ga abincinka.

Ana tsakiyar azumi aka wayi gari da ruwa da iska irin na garin nan, wanda yake ɗaga kwano. Wani itace ya faɗa kan waya, unguwa duka ba wuta. Maigida ya riga ya tafi, makarantar tasu can bayan gari ce, na sa aka buga masa waya ba ta shiga. Hantsi ya yi ba wuta. Azahar ta yi ba wuta. Na lulluɓe firigon da barguna kamar mai zazzaɓi. Na dinga kai hannu ina taɓa gefensa. Da na ji ya fara gumi, na san sanyin ciki ya kama hanyar fita.

Na zauna na ce ba ruwana. Ba ni na kashe wuta ba. Allah ne ya kawo ƙarshen abin ba da hannuna ba, gobe in wanke gidana in huta. Na faɗi haka a raina, sai na ga ina ɗaura mayafi.

'Yar Garwa ta gan ni da buhuna biyu. "Yaya, ina zuwa da rana tsaka, da azumi a baki?"

"Wurin masu kifi. Ƙanƙara."

Ta saki baki. "Don... a'a. Yaya, ki ce ba don shi ba."

"Za ki kama mini ko za ki tsaya wa'azi?"

"Ni da na rantse ko ƙofarki ba zan ƙara bi ba!" Tana faɗa tana neman takalminta. "Wallahi in aka ji a Garwa na yi dakon ƙanƙara don kashi, ba mai ƙara sayen atamfata. Yatsan nan har yau ban ci tuwo da shi ba."

Muka shiga taksi muka je. Mai ƙanƙara ya tambaya da Faransanci wane irin kifi ne za a adana, don ya san yawan da zai ba mu. 'Yar Garwa ta ce masa babba ne ƙwarai, mai haure. A dawowa direba ya dinga faɗa ruwa yana jiƙa masa mota, fasinja suna ɗaga ƙafa. Gangaren gidanmu kuwa mota ba ta hawa, a ka muka ɗauka, tsofaffi biyu, ruwan sanyi mai ƙarnin kifi yana bin bayanmu, yara suna biye da mu suna waƙarsu.

Na buɗe firigon. Robobin suna nan da ƙarfinsu, farin sanyi bai sauka daga jikinsu ba. Na yi bismillah, ban san ko ta halatta a wurin ba, na sa hannuna. Hannun nan da ban yarda ya taɓa kuɗi ya taɓa leda ba sai na wanke. Na jera ƙanƙara ƙasa, na jera gefe, na gyara wa kowace roba zama yadda rubutunta zai dubi sama kamar yadda na tarar, na rufe da buhu, na mayar da barguna. 'Yar Garwa tana tsaye daga nesa ta toshe hanci, ko da yake ba abin da yake wari sai mu.

Dab da magariba Maigida ya shigo a guje, jiƙe sharkaf, ashe hanya ce ta yanke, da ƙafa ya yi rabinta. Bai yi sallama ba. Ya yaye barguna ya ɗaga murfi. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya sulale ya zauna a ƙasa ya jingina da firigon, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Amarya," ya ce.

Na ce, "Ban ɗage dokar hana wasa ba. Tashi ka wanke hannu, an kusa kira."

Bayan salla aka gyara nasu ya kwashe kayansa. Ya wanke firigon da jabel har hannunsa ya saɓule. Na ce ya cire shi daga wuta ya sa masa kwaɗo.

Da lokaci ya yi da zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, ya nace sai na je. Na tafi da 'yar Garwa don ta fi ni jin Faransanci. Ɗaki ne mai sanyi, malamai a jere bayan tebur, shugabarsu mace ce 'yar ƙasar nan mai furfura. Maigida ya sa kwat, ya yi kyau, har na ga Malam a tsayuwarsa. Aka rage fitila. Sai ga hoto a bango, ya fi ƙofa girma: tulin abin nan, sabo, da ƙudaje, da hannun jikana a cikin safa yana ɗiba da ɗan cokali. Na rufe fuska da mayafi. Na saci kallon mutane, na ga ba mai dariya, ba mai kau da kai. Rubutu suke yi. Wani dattijo har ya gyara gilashi ya matso don ya gani da kyau. Suka yi ta yi masa tambayoyi, yana amsawa, suna gyaɗa kai kamar ana tafsiri.

Can wajen ƙarshe 'yar Garwa ta zungure ni. "Yaya, ɗago. Ɗago ki ga abin kunya."

Firigona ne a bango. Da bargunana a kansa, har da mai zanen damisa wanda ya yage a gefe. Maigida yana magana yana nuna inda nake zaune. Duk ɗakin ya juyo. Suka tashi suna tafi.

"Me yake cewa?"

"Wai ba don ke ba da ba aikin. Wai ke kika yi gadinsa."

Abin da na yi watanni ina fatan ya tsaya a Nombakele, ga shi an haska a bango a gaban manyan ƙasa, ana tafa mini a kai. Shugabar ta zo ta kama hannuna da hannu biyu tana ta magana. Ban san inda zan sa idona ba.

A taksi muna komawa na tambaye shi, "To, giwayen naka, suna cikin fargabar?"

Ya ce, "Wasunsu, sosai."

Na ce, "Sun ɗanɗana abin da na ɗanɗana. Kai kuma, miji ne kai ko annoba?"

Ya yi dariya har direba ya waiwayo. Daga ranar wasa ya dawo.

Sunana dai bai dawo yadda yake ba. Ban sake yin zoɓo ba. Kunu nake damawa yanzu da ƙosai, a waje, a bakin ƙofa, inda kowa yake ganin tukunya tun daga ɗora ta. Liman ne ya fara zuwa, da ƙafarsa, ya zauna a benci ya sha a gaban mutane. Bayansa wasu suka dawo. Telan nan bai dawo ba. Matar da ta haihu tana gaishe ni, amma ba ta saye. In baƙo yana neman gidanmu ba a cewa gidan mai tsafta, Gidan Giwa ake ce masa, 'yan taksi ma sun san shi. Maigida yana can daji da kaki da hula, yana bin sawunsu, in ya samu inda waya take shiga ya kira ya tambayi Amarya.

Bara wasu samari biyu suka yi sallama, masu ladabi, da 'yar kula a hannu. Suka durƙusa har ƙasa. 'Yan bayan Maigida ne a makaranta. Wai firigon makarantar ya sake tsayawa, wai an ce musu akwai wata Hajiya a Nombakele da ta san kan abin.

Na dubi kular. "Na giwa ne?"

"A'a, Mama, na biri ne. Ɗan kaɗan ne."

Muciya ce a hannuna. Ba su tsaya sun ji sauran ba.